Allo Mai Cin Mutum Goma: Gardamar Gwanayen Waƙa a Kwanar Dangora

Bahaushe bai gina wa mawaƙansa wani zaure da ake rataye hotunansu ba, amma ya daɗe yana musu a kan waɗanda suka cancanci shiga cikinsa. A teburin mai shayi, ko a cikin motar haya da ta yi nisa da tasha, da zarar an kunna waƙar da, sai wani ya ce ba a taɓa yin kamar Shata ba. Na kusa da shi ya ce ai a fagen azanci Shata bai kama ƙafar Narambaɗa ba. Wani daga baya ya sa baki, ya ce duk wanda bai natsu ya ji yadda 'yan amshin Ɗanƙwairo ke karɓar waƙa ba, to bai san abin da ake kira waƙa ba tukuna. Ba a tashi da matsaya, gobe kuma a ɗora daga inda aka tsaya.

Amurkawa sun ɗauki irin wannan musu sun yi masa ofis da hatimi. A 1983 wasu manyan masu kamfanonin faifai, ƙarƙashin jagorancin Ahmet Ertegun na kamfanin Atlantic, suka kafa gidauniyar Rock and Roll Hall of Fame, wato zauren gwanayen kiɗan rok, kiɗan nan na jita da ganguna mai ƙarfin amo. An shigar da rukunin farko a 1986, aka buɗe ginin a birnin Cleveland a 1995. Ƙa'idar shiga a bayyane take: sai faifan mawaƙi na farko ya cika shekara 25 da fita kafin a duba sunansa. Wani kwamiti ne ke fitar da 'yan takara, sannan mutum fiye da dubu, mawaƙa da masana da 'yan jarida, su kaɗa ƙuri'a. Duk da wannan tsari, babu shekarar da ake ƙarewa lafiya. 'Yan Nijeriya sun ɗanɗana a 2021, lokacin da aka sa Fela Anikulapo Kuti cikin 'yan takara. Masoyansa suka yi ta danna ƙuri'a a intanet har ya zo na biyu a bayan Tina Turner, amma da aka bayyana sakamako babu sunansa, domin ƙuri'ar jama'a kaf ɗinta nauyin takarda ɗaya gare ta a cikin fiye da dubu. An sake sa shi a 2022, aka sake tsallake shi.

Akwai kalma ɗaya a ƙa'idar Cleveland da ba a cika tsayawa a kanta ba, ita ce faifai. Wanda ba a naɗi muryarsa ba, ba ya cikin lissafi tun daga tushe. A Amurka, inda kiɗan rok ya tashi tare da na'urar naɗar murya, giɓin ba shi da faɗi sosai. A ƙasar Hausa kuwa, inda waƙa ta girmi rikoda da ɗaruruwan shekaru, giɓin ya fi abin da aka adana girma nesa ba kusa ba. Wani mai shago a kudancin Jihar Kano ya gano haka ta hanyar da bai zata ba.

Mararraba

Kwanar Dangora mararraba ce a kan babban titin Kano zuwa Zariya. Daga nan hanya ke ɓallewa ta yi kudu zuwa Tudun Wada, ta ratsa dajin Falgore da ƙasar Doguwa, ta faɗa Saminaka, ta haura Jos. Mutanen Kiru da na Bebeji nan suke fitowa neman mota, buhunan masara da shinkafa nan suke jiran lodi, direbobin manyan motoci nan suke yada zango su yi salla su ci abinci. Wuri ne na jiran mota ta cika, mai jira kuwa ya fi kowa lokacin gardama.

A gefen tashar akwai wani saurayi, ɗan shekara talatin da 'yan kai, mai shagon cajin waya da tura waƙoƙi. Jarinsa tsohuwar kwamfuta ce, da ƙaramin rumbun ajiya mai ɗauke da dubban waƙoƙi, da farantin sola biyu a kan rufin kwano. Shekaru goma da suka wuce samari layi suke yi a gabansa da katin memori a hannu. Yanzu mafi yawansu da kansu suke sauke abin da suke so daga intanet, waɗanda suka rage masa su ne direbobi da dattawa da matan aure da ke aiko yara, kuma akasarinsu waƙar da suke nema. Ganin haka sai ya yanke shawarar buga allon talla, irin na ledar nan da ake yi a Kano, mai ɗauke da fuskokin manyan mawaƙa, domin mai wucewa ya san abin da ake samu a shagon. Mai bugawa ya ce masa in ana so a gane fuska daga bakin titi, allon ba zai ci fiye da hoto goma ba.

Ya rubuta sunaye goma a bayan kwali, ya ajiye a kan benci. Kafin la'asar kwalin ya zagaya tasha, kuma sai da aka shafe mako uku ana kai ruwa rana a kansa.

Ma'auni huɗu, jeri huɗu

Mutum ɗaya ne ba a yi jayayya a kansa ba, Alhaji Mamman Shata. An haife shi a Musawa a 1923, ya rasu ranar 18 ga Yuni, 1999, aka binne shi a Daura. Ya shafe fiye da rabin ƙarni yana waƙa da kalangu, ya wasa sarki da attajiri da direba da talakan da ya kyautata masa, Jami'ar Ahmadu Bello ta ba shi digirin girmamawa a 1988. Daga gurbi na biyu ne rigima ta tashi.

Wani tsohon direba da ya ƙarar da ƙuruciyarsa a hanyar Jos ya ce gurbin na Ɗan Maraya ne, babu tantama. Wani tsohon hedimasta daga ƙasar Bebeji, wanda kan zo karɓar saƙo a tasha duk mako, ya ce kafin a kai ga mai kuntigi sai an gama da makaɗan fada: Ibrahim Narambaɗa na Sarkin Gobir na Isa, da Musa Ɗanƙwairo na Maradun, da Salihu Jankiɗi, da Sa'idu Faru.

"Malam," in ji direban, "kai da littafi kake auna waƙa, ni da sitiyari nake aunawa. A cikin waɗannan da ka lissafa, wa ya taɓa tunawa akwai yaron mota a duniya? Mutumin Jos da ɗan gwangwaninsa mai tsirkiya ɗaya, shi ya dube mu."

"Alhaji, ban ƙi ta taka ba," hedimastan ya amsa. "Amma in zancen wanda ya fi kwanta maka a rai ake yi, sai kowa ya je ya bugo allonsa. Zancen wanda ya kai harshen Hausa inda bai taɓa zuwa ba ake yi."

Mai tsiren da ke jinsu ya ce duk sun manta da Ɗan Anace, wanda in ya wasa Shago, mutumin da bai taɓa naɗe hannu ba ma sai ya ji tsikar jikinsa ta tashi.

Kowannensu yana da gaskiya, domin ma'auninsu ne ya bambanta. Direban da kusanci da talaka yake awo, kuma waƙar Karen Mota ta Adamu Ɗan Maraya, wanda aka haifa a Bukuru a 1946 ya rasu a 2015, hujja ce mai ƙarfi a hannunsa. Hedimastan da azanci yake awo, wato zaɓen kalma da sarrafa habaici da zambo da ginin ɗan waƙa. Mai tsire da abin da waƙa ke yi wa jiki yake awo. Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau na Jami'ar Bayero, a nazarinsa na makaɗa da mawaƙan Hausa, ya karkasa su rukuni-rukuni, irin su makaɗan fada da na jama'a da na sana'a da na maza, kuma wannan rabo yana da amfani a nan. Makaɗin fada mutum ɗaya yake son ya gamsar, ubangidansa, shi ya sa yake da sararin tsara waƙa da yaransa kwana da kwanaki kafin ya fito da ita. Makaɗin jama'a taro yake fuskanta, dole ya ƙirƙira a tsaye, yana kallon wanda ya shigo fili. Makaɗin dambe aikinsa ya sa mutum ya miƙe ya shiga fage. Jera su a layi ɗaya a ce wa ya fi, kamar a tambayi manomi ne tsakanin garma da lauje wanne ya fi amfani.

Ma'auni na huɗu, wato hali, ya fito ne lokacin da 'yan acaɓa suka nemi a sa Gambu, mawaƙin nan na ƙasar Kabi da ya yi suna wajen wasa ɓarayi kafin daga baya ya shelanta tuba. Hedimastan da kansa ya yarda cewa a iya magana kaɗan ne suka kai shi. Amma mai shagon ya tuna cewa a bakin titi allon zai tsaya, liman zai wuce ta gabansa, surukinsa ma zai wuce. Aka soke sunan, kowa kuma ya san ba don ƙarancin fasaha aka soke shi ba.

Sai a mako na biyu wata dattijuwa mai sayar da tuwo ta sa aka karanta mata jerin. Ta saurara har ƙarshe, sannan ta ce, "Ɗan nan, duk faɗin allon nan babu mace? To wa ke yi wa iyayenku kiɗa a cikin gida ranar biki?" Ta kawo sunan Barmani Choge ta Funtuwa, wadda ta rasu a 2013, da Uwaliya Mai Amada ta Kano. Maza kusan ashirin sun yi kwana goma suna musu, babu wanda ya lura da wannan giɓi. Ko a Cleveland haka aka fara: rukunin 1986 babu mace ko ɗaya, sai a 1987 aka shigar da Aretha Franklin, ita kuwa Sister Rosetta Tharpe, wadda manyan mazan rok suka koyi kaɗa jita daga salonta, sai a 2018 aka tuna da ita, shekara 45 bayan rasuwarta.

Wa na'ura ta riska?

Da sunaye suka fara zama, mai shagon ya lura da wani abu. Akwai mutanen Sakkwato da Zamfara, akwai na Katsina, akwai Haruna Uji mai gurmi na Haɗeja, akwai na Jos da na birnin Kano. Daga Kiru da Bebeji da Tudun Wada da Doguwa, ƙananan hukumomi huɗu da ke ciyar da tashar da fasinja, babu ko mutum ɗaya. Alhali yanki ne na noma da farauta da kasuwanni, kuma a al'adar Bahaushe kowace sana'a da kiɗanta: gangar noma ta manoma, dundufa ta maƙera, kalangu na mahauta, garaya ta mafarauta. Ba zai yiwu a ce ƙasa mai wannan yawan jama'a ta yi shekara ɗari ba ta fitar da gwani ba.

Amsar tana cikin hanyar da waƙa ke bi kafin ta iso rumbun ajiyar shagon. Mataki na farko fada ce ko gidan attajiri, inda makaɗi ke samun riga da doki da sunan da ke tsallake garinsu. Na biyu gidan rediyo ne, musamman na Kaduna da gwamnatin Jihar Arewa ta kafa a 1962, wanda ya kai muryar wasu mawaƙa har Nijar da Gana da Kamaru. Ma'aikatansa ba su iya bin kowane ƙauye, saboda haka wanda ya riga ya yi suna, ko wanda wani babba ya yi wa hanya, shi ake kira ɗakin naɗar murya. Na uku kamfanonin faifan garmaho ne irin su EMI, sannan masu kwafar kaset a kasuwanni, su kuma abin da rediyo ya riga ya sa jama'a suka sani shi suke bugawa, don shi ke fita. Na huɗu jami'a ce. Ɗandatti Abdulƙadir ya rubuta kundin digirinsa na uku a kan Shata a Jami'ar Indiyana a 1975, Ibrahim Sheme da abokan aikinsa suka fitar da tarihin rayuwarsa a 2006, ɗalibai kuma suka yi ta nazarin waɗanda ake da kaset ɗinsu, domin ba a nazarin abin da ba a ji ba.

Kowane mataki daga abin da na gabansa ya tace yake zaɓa. Wannan bai rage wa Shata ko Narambaɗa komai ba, gwanintarsu a fili take ga duk mai kunne. Abin da yake nufi shi ne, gasar da ake cewa sun lashe, yawancin abokan karawarsu ba a ba su damar shiga fili ba. Su kansu Narambaɗa da Ɗanƙwairo da kiɗan noma suka fara kafin fada ta ɗauke su. Da ba ta ɗauke su ba, da wataƙila yau sai 'yan tsofaffin Tubali da Bakura ne kaɗai za su iya faɗin sunayensu.

Makaɗin da ba shi da hoto

Mai shagon yana da dalilinsa na jin wannan magana a jika. Kakansa na wajen uwa makaɗin gangar noma ne a wani ƙauye na ƙasar Tudun Wada, ya rasu tun jikan bai yi wayo ba. A gidansu ba a zancen. Mahaifiyarsa ta auri ɗan gidan malamai, kuma ta koyi yin shiru a kan sana'ar ubanta, domin al'ummar da ke yi wa makaɗi liƙi da rana ita ce ke jinkirin ba ɗansa aure da dare. M. G. Smith, wanda ya yi bincike a ƙasar Zazzau, ya bayyana wannan matsayi na maroƙa a wata maƙala tun 1957, kuma har yau bai gushe ba. Shata ma sai da ya sha fama da mahaifinsa, wanda bai ga dalilin da ɗansa zai shiga sana'ar da bai gada ba.

Wani dare ya je gida, ya tarar da ita tana tsince shinkafa a faranti. Ya ce, "Inna, ko akwai hoton marigayi Baba Tsoho?"

Kasancewarsa ɗan fari, ba ta kiran sunansa. Ba ta ɗago ba ta ce, "Kai kuma hoton me? Wa zai bi makaɗi gona ya ɗauke shi hoto?"

Ya yi mata bayanin allon. Ta jima ba ta ce komai ba, sannan ta fara ba shi labari. Ta ce akwai shekarun da ƙauyuka uku ke ɗaga ranar gayyarsu har sai ya samu sarari. Ta ce ya san kirarin kowane saurayi da na ubansa da na kakansa, kuma da ganga yake faɗa, ba sai ya buɗe baki ba, mai kirarin yana daga can ƙarshen kunya zai ji an kira shi ya ƙara wuta. In ya ga rana ta yi tsaka hannu ya fara sanyi, sai ya sassauta kiɗa ya shiga barkwanci har a huta, sannan ya sake ɗaukowa. Daga ƙarshe ta rera masa abin da ta riƙe na waƙa biyu, da murya ƙasa-ƙasa don kada maƙwabta su ji. Ta yarda ya naɗa a waya bisa sharaɗin ba zai tura wa kowa ba tana raye.

Abin da ya kashe irin wannan kiɗa ba wani mawaƙi ne da ya fi iyawa ba, aikin da kiɗan ke rakawa ne ya sauya. Tarakta da maganin feshi da ƙwadago na kuɗi sun rage gayya. Injin niƙa ya ɗauke dutsen niƙa da waƙarsa, siminti ya kawar da daɓe da waƙoƙin da mata ke yi suna bugun ƙasa, talabijin da waya sun cinye dandalin gaɗa. Waƙar fada tana da gidan da ke riƙe da ita ko bayan mai ita ya mutu. Ta aiki kuwa, ranar da aikin ya tsaya ranar take fara ɓacewa.

Ɗan abin da ya tsira, sau da yawa katari aka yi. A 1949 zuwa 1950 Mary Smith ta zauna da wata tsohuwa a Giwa, Baba ta Karo, wadda ta tashi a yankin Zarewa da ke ƙasar Rogo ta yau, ba nisa da wannan yanki. Littafin da ya fito a 1954 yana ɗauke da waƙoƙin mata na biki da na wasa da labarin makaɗan zamaninta. Kalmomin sun tsira a takarda, amma karin da muryar sun tafi da masu su.

Akwai kuma waɗanda na'ura ta naɗa amma ba ta riƙe sunansu ba. Duk mai yabon Ɗanƙwairo rabin yabonsa na 'yan amshi ne, duk mai jin daɗin Shata yana jin hannun masu kalangunsa, amma a cikin masu musun tasha babu wanda ya iya kawo sunan uku daga cikinsu. Cleveland ta yi irin wannan mantuwa, ta shigar da James Brown a 1986 ta bar ƙungiyarsa a waje, sai a 2012 ta dawo ta shigar da Famous Flames tare da wasu ƙungiyoyi biyar da aka yi wa haka.

'Yan fiyano da ƙa'idar shekara 25

Samarin tasha ba su yi shiru ba. Sun nemi a sa Hamisu Breaker da Naziru Sarkin Waƙa da Rarara, hujjarsu kuwa ita ce su ake ji a kowace waya. Hedimastan ya ce 'yan nanaye ba su da gurbi kusa da Narambaɗa. A nan ƙa'idar shekara 25 tana da hikima, domin tana barin ƙura ta lafa. Waƙar siyasa takan mutu da zaɓen da aka yi ta dominsa, ta soyayya takan tsufa da samarin da suka yi yayinta, wadda ta rage bayan rubu'in ƙarni ita ce ta ci jarrabawa. Sai dai ƙa'idar takobi ce mai kaifi biyu. In aka bi ta, mawaƙan fim na farko-farko, irin su Misbahu M. Ahmad da Rabi Mustapha, waɗanda muryoyinsu suka cika gidaje a zamanin fim ɗin Sangaya, sun riga sun kai shekarun shiga. Wanda ya raina su don da fiyano suka yi waƙa, ya tuna cewa dattawan zamanin Shata ma ba da hannu biyu suka karɓe shi ba.

Akwai kuma wanda babu ɓangaren da ya tuna da shi: Bala Miller, mutumin Zariya, wanda ya haɗa ƙungiya mai jita da ƙahonin Turawa yana rera Hausa, ya rasu a 2003. Shi ne mafi kusa da abin da Amurkawa za su kira ƙungiyar kiɗan zamani, amma masu son gargajiya ba su ɗauke shi nasu ba, 'yan fim ma haka, sai ya faɗa tsakani.

Mai shagon ya san wani abu da masu musun ba su kula da shi ba, wato shi kansa mataki ne a wannan tacewa. Mdou Moctar, makaɗin jitar Abzinawa na Nijar da yau yake cika dandamali a Turai da Amurka, a Sakkwato ya naɗi kundinsa na farko a 2008, da salon sarrafa murya irin na waƙoƙin fim ɗin Hausa, kuma ta katin memori da tura waƙa daga waya zuwa waya sunansa ya fara yawo a Sahara. Aikin da rediyon Kaduna ya yi a shekarun 1960, shaguna irin nasa sun yi shi a shekarun 2010. Duk wanda ya miƙo kati ya ce a zuba masa na da, mai shago ne ke yanke wanda za a ji da wanda za a manta.

Abin da ya kamata ya riga zaure

In wata rana aka tashi gina zauren gwanayen waƙar Hausa, akwai abin koyi kusa. Nijar ta daɗe tana gudanar da gasar kiɗa ta ƙasa da sunan Ɗan Gurmu na Tawa, tana kuma da cibiyar Elhaji Taya a Yamai, inda ake koyar da kiɗa ake adana kayansa. A wannan ɓangaren akwai Gidan Ɗan Hausa a Kano da Arewa House a Kaduna da sassan Hausa na jami'o'i da ɗakunan ajiyar gidajen rediyo. Amma zaɓen wanda za a rataye hotonsa shi ne aiki mafi sauƙi, kuma shi ne wanda zai iya jira, tun da Shata ba zai ɓace ba ko an ƙara shekara hamsin ba a karrama shi ba. Abin da ba ya jira shi ne zaren kaset da zafi da ƙura ke ci a cikin akwatuna, da tsofaffin da suka rage a ƙauyukan Doguwa da Kiru waɗanda har yanzu hannunsu ya san gangar noma, da matan da suka riƙe waƙar daɓe ba su da wanda za su rera wa. Zauren da aka gina kafin a tattara waɗannan, zaɓen fada da na rediyo kawai zai maimaita, ya ƙara masa fenti.

Allon ya fito a mako na huɗu. Akwai Shata da Narambaɗa da Ɗanƙwairo da Jankiɗi, akwai Ɗan Maraya da Ɗan Anace da Haruna Uji da Garba Supa, akwai Barmani Choge. A gurbi na goma mai shagon ya sa hoton wata tsohuwar gangar noma da ya ɗauka da wayarsa a gidan wani dattijo a hanyar Tudun Wada, babu suna a ƙarƙashinta. Direban ya ce ganga ba ta jawo ciniki. Mai tuwo ta ce mace ɗaya cikin goma rowa ce, amma ta fi babu.

A kwamfutarsa kuma ya buɗe sabon wurin ajiya. Duk fasinjan da ya shigo caji daga ƙauye yakan tambaye shi ko akwai tsohon makaɗi ko zabiya a garinsu, in akwai, sai ya roƙe shi ya naɗo masa ko da minti biyar ne, da sunan mai waƙar da sunan garin, shi kuma ya yafe masa kuɗin caji. Wasu kan yi dariya, wasu kan kawo. Waƙoƙi biyu na kakansa suna can a waya dabam, ba su shiga ciki ba, saboda alkawarin da ya yi wa mahaifiyarsa.

Hedimastan dai har yanzu duk makon da ya zo karɓar saƙo sai ya tsaya gaban allon, ya gyara tabarau, ya ce an zalunci Sa'idu Faru.